Yatsu Uku na Sarkin Ruwa

Tun da na dawo daga Makka ban sayar da ƙugiya ɗaya ba sai an tambaye ni labarin hanya. Wanda ya zo sayen dalma sai ya samu benci ya zauna, wanda ya zo gaisuwa sai ya ce a fara masa daga farko. Na lura duk lokacin da na maimaita, jirgin yana ƙara girma, zafin garin yana ƙaruwa. Shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, kafin bakina ya lalata shi.

Ga abin da na ɗauko a kaina ranar da na bar gida. Gidajen masunta arba'in da ɗaya. Wata biyar kafin a buɗe ruwa, wato ranar da ake ba masunta izinin shiga kogi. Kwana goma sha biyu a ƙasa mai tsarki. Kalmomin Turanci talatin da shida a cikin wani ɗan littafi. Sai magana ɗaya da na faɗa a gaban jama'a, wadda ba ni da hanyar mayar da ita ciki.

Sunana Garba, a kasuwarmu ta bakin kogin Haɗeja ana ce mini Mai Raga. Na yi sana'ar su shekara tara, sannan na gane cewa mai sayar da raga yana cin kifi ba tare da sanyi ya kama shi ba. Da faranti ɗaya na ƙugiyoyi na fara, yau ina da shago.

Kifi ya ragu a kogin nan, kuma kowa ya san dalili. Raga ce mai ƙananan idanu, wadda take kwashe uwa da 'ya'ya, har wasu suna ja da gidan sauro. Ba zan ɓoye ba, ni ma na sayar da irinta, don ita ce mai tafiya. A ƙarshen rani Sarkin Ruwa ya tara mu ya ce daga buɗe ruwa mai zuwa, duk ragar da yatsu uku ba su shiga idonta ba, wuta za ta ci. Ya ɗaga hannunsa ya nuna. Masunta suka ce sun ji, amma ina za su samo ta? Dillalan birni ba sa kawowa, masu saƙa da hannu kuma sun ƙare. Idan babu raga, doka za ta mutu tun ba ta tashi ba. Ni kuma na miƙe na ce kafin a buɗe ruwa zan kawo. Ban gama zama ba na fara tunanin ta ina.

Akwai wani dila na raga mai kyau da ya taɓa faɗowa hannuna shekarun baya, da lambar waya a jikin takardarsa. 'Yata Hadiza, wadda take aure a Kano, ita ta riƙa rubuta mini saƙo. Mutumin sunansa Haji Musa, yana da ƙaramar masana'antar saƙa raga a bakin teku can kudancin Indiya. Ya ce zai iya juya injinsa ya saƙa kowane irin ido, amma ba zai yi wa mutumin da bai taɓa gani ba. Na ce ni ma haka nake. Sai ya ce zai je umara a watan Muharram. Ni kuma na daɗe da niyyar umara. Na tambayi limaminmu, ya ce in dai ibada ce a gaba, ciniki a hanya ba laifi ba ne. Zuwa da kai ya fi aike.

Matsala ɗaya, shi ba ya jin Hausa, ni ba na jin yarensu, Larabcinmu duka na salla ne. Turanci kawai ya rage, nawa kuma bai wuce na jikin kwali ba. Sai na nemi Malam Haruna, tsohon ma'aikacin sashen kifi da ya yi ritaya. Sati uku muna zama bayan la'asar, yana faɗa ina rubutawa da ajami, don hannuna ya fi sauri a nan. Huk, ƙugiya. Beit, abin da ake saƙala mata, tana ko wani abu. Sinka, dalma. Fulot, abin da ke riƙe bakin raga a saman ruwa. Gil net, kalli, ragar da ake shimfiɗawa a ruwa. Kas net, birgi, ragar jefawa. Tuwain, zare. Mesh, idon raga. Finga, yatsa.

Ranar ƙarshe ya ƙara mini da wata magana, kach an rilis. Ya ce wasu Turawa suna kama kifi, su ɗauki hoto da shi, su mayar da shi ruwa.

Na ce, "To Malam, me ya kai su bakin kogi?"

Ya ce nishaɗi. Na rubuta ta a lamba ta talatin da shida don in riƙa ba mutane dariya da ita.

Bayan littafin, na ɗauki wani guntun raga da mahaifina ya saƙa da hannunsa, mai ido uku cif, wato yatsu uku, wanda yake rataye a shagona tun rasuwarsa. Shi ne zan nuna wa Haji Musa. Sannan wani maƙwabcina ya haɗa ni da ɗan'uwan kakarsa da ke zaune a Makka, Baba Idrisu, ya ce tsohon ba abin da yake marmari kamar bandar tarwaɗa. Na zaɓi manya guda goma. Da na zo ɗaurewa sai dabara ta zo mini, na naɗe kifin da guntun ragar, wai don in rage kaya. Ku riƙe wannan.

Daga gida zuwa Kano taya ta fashe mana sau ɗaya, ba wani abu. A filin jirgi na ɗaura harami, na ji kaina kamar wanda ya fito wanka aka kira shi. Ban taɓa hawa jirgin sama ba, kuma zan gaya muku gaskiya, kwalekwale ya fi shi mutunci, don in ya kife ka san abin yi. Bayan mun yi talbiya mun huta, na ciro littafina ina bita a hankali. Wani dattijo mutumin Zariya da ke gefena ya leƙo ya ga ajami, ya ga bakina yana motsi, ya roƙe ni in bar shi ya kwafi addu'ar. Na ce masa wannan sunayen kayan su ne da Turanci. Ya dube ni, ya dubi haramina, bai sake yi mini magana ba har Jidda.

A Jidda layi ne mai tsawo amma yana tafiya, ba mai tsallake wani. Da na isa gaban jami'in sai ya ce in ɗora yatsu a kan wani gilashi. Na'ura ta ƙi karanta su. Zaren nailan ya cinye zanen yatsuna tun ina saurayi. Ya ba ni wani mai na shafa, na sake ɗorawa, sai a karo na biyar ta karɓa. Na wuce ina murna, ban san a gaba ake jirana ba. Wajen duba kaya, tun kafin a buɗe jakar warin banda ya yi sallama. Jami'in ya sa safar hannu ya ɗaga ƙunshin, ya girgiza kai, ya jefa shi cikin wani babban kwando mai murfi. Na ce masa net, net, ina nuna kwandon. Ya ɗauka kifin nake roƙo. Mutane sun taru a bayana, ga harami a jikina, ba wurin jayayya ba ne. Ban ga laifinsa ba, aikinsa ya yi. Amma ragar mahaifina ta tafi tare da tarwaɗa, kuma tun daga Jidda har Makka ban ga komai ta tagar motar ba.

Masaukinmu a unguwar Jarwal yake, mu huɗu a ɗaki, hawa na tara. Rigimarmu ɗaya ce, na'urar sanyaya ɗaki. Biyu suna so a ƙure, biyu muna kwana da hula. Muka ajiye kaya muka gangara Harami. A nan ba ni da dogon labari. Da na ɗaga kai na ga Ka'aba, duk addu'o'in da na shirya suka gudu, har da kalmomi talatin da shidan. Na tsaya kawai hawaye yana zuba. Na yi ɗawafi, na yi sa'ayi, aka aske ni. Na roƙa wa iyayena, na roƙa wa iyalina, na roƙa wa kogin.

Rana ta uku na nemi Baba Idrisu a unguwar Hindawiyya. Mai tasin da ya kai ni baƙin mutum ne kamata, muna ta fama da hannu, sai da wayarsa ta yi ƙara na ji ya ce, "Ina shugul, zan kira ki." Ashe Bahaushe ne haifaffen can. Unguwar cunkushe take, lunguna, ƙananan shaguna, mata suna sayar da kuka da daddawa a bakin hanya. In ka rufe ido ka ji wari sai ka rantse kana Fagge.

Baba Idrisu ya haura saba'in da biyar. Mahaifinsa masunci ne daga yankinmu, ya taso da ƙafa zuwa hajji, yana su a hanya yana ciyar da iyali, daga tafkin Chadi har kogin Sudan. A can aka haifi Baba, a can ya yi su har ya yi gemu, sannan suka ƙetaro teku. Shekara hamsin ke nan bai jefa raga ba. Ya yi dako, ya tura keken marasa ƙarfi a Harami, yanzu yana zaune a gida. Na ba shi haƙuri a kan kifin. Ya yi dariya ya ce ni ne na huɗu da aka ƙwace wa, aƙalla ni na iso da warin a jikin jakata. Ya sa aka kawo jakar ya shinshina. Da na gaya masa labarin ragar kuwa bai yi dariya ba. Ya tambaye ni da wane ƙulli mahaifina yake saƙa, na nuna masa, ya gyaɗa kai.

Sun ciyar da ni kamar za a yanka ni. Da safe wake ne dakakke da man zaitun da wani faffaɗan burodi mai zafi. Da rana shinkafa da nama a faranti ɗaya. Wata rana aka kawo wani nama mai ƙuli, aka ce mini abincin Makka ne na asali, sunansa siriya. Na ɗanɗana na ce wannan ai tsire ne ya yi hijira. Abin da ya fi ba ni mamaki a kasuwancinsu shi ne gajeren ciniki. Mu a gida sai an tambayi iyali da gajiya da ruwan bana kafin a taɓa kaya. Su kuwa mutum ya faɗi kuɗi, ka taya sau ɗaya, ya ce halas, an gama. In an kira salla a ja mayafi a kan kaya a tafi. Na je wajen masu kifi don ido ya saba. Gari babu kogi, amma ga kifi a kan ƙanƙara daga Jidda kala-kala. Na ga karfasarmu a kwance, a can bulɗi suke ce mata. Na gaishe ta.

Babban ɗan Baba, Usama, magidanci ne mai 'ya'ya uku, yana aiki a teburin karɓar baƙi na wani otal. Hausarsa rabi Larabci ce, amma Turanci yana zuba a bakinsa. Na ce Allah ya kawo mini tafinta. Da muka zauna gwaji sai ya bayyana Turancinsa na ɗaki ne da mabuɗi da karin kumallo. Bai taɓa shiga kwalekwale ba. Na ce masa sinka, ya ce ko wurin wanke hannu nake nufi, wai shi ne sink a otal. Ya karɓi littafina, ya ga harufan da ya sani ɗauke da kalmomin da bai sani ba, ya yi ta dariya har da tari.

"Ya Ammi," ya ce, wato kawu, "kai kana da kifi ba ruwa, ni ina da ruwa ba kifi."

Na ce to sai mu haɗa. Muka shirya shi zai gina magana, ni zan riƙa jefa masa kalmomin sana'a.

Rana ta takwas Haji Musa ya amsa gayyata ya zo gidan Baba cin abincin rana. Ɗan siririn mutum ne mai tabarau, mai yawan murmushi, ya zo da jakar hannu cike da guntayen zare. Baba ya tare shi a ƙofa, ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. An dafa shinkafa da kifi irin ta mutanen Jidda. Tun kafin a ɗauke faranti muka shiga magana, kuma dabararmu ta yi aiki fiye da yadda na zata. Na ce gil net, idonsa ya yi haske. Na ce tuwain, ya zube zaruruwa a kan tabarma, na ja kowanne da haƙori na zaɓi nawa. Ya ce wa Usama wannan mutumin ya san aikinsa. Muka daidaita a kan tsawo da zurfi da launi. Fulot da sinka na ce a bar su, muna da tsofaffin silifa da dalma a gida. Ya yi dariya ya ce su ma haka.

Sai muka zo kan mesh. Na ɗaga yatsu uku na ce, "Tiri finga." Wannan ko tafinta ban nema ba. Ya ce a garinsu ma tsofaffi da yatsa suke awo. Ya ciro ɗan tef ɗin awo, ya jera yatsunsa uku a kai, ya rubuta lamba a takarda ya nuna mini. Na gyaɗa kai. Daɗi ya cika ni, ni Garba na yi ciniki da Turanci a Makka. Ya ce gobe bayan azahar motarsu za ta tashi zuwa Madina, daga can zai aika wa masana'anta su ɗaura injin. Muka yi addu'a muka rabu.

Washegari na zo karin kumallo ina ta ba da labarin kaina. Baba yana jina har na gama. Sannan ya ce, "Ɗana, da ka gaisa da baƙon nan, me ka ji a hannunsa?"

Na ce laushi.

"Hannun alƙalami ne, bai taɓa riƙe filafilin tuƙa kwalekwale ba. Yatsu ukun da kuka rubuta jiya, na wa ne?"

Burodin da ke hannuna na ajiye shi. A garinmu in an ce ido uku ba a tambayar na wa, don hannun masunta kusan ɗaya ne, kuma kowa ya san wanda za a gwada da shi ranar buɗe ruwa. Hannun Sarkin Ruwa ne, mai yatsu kamar rogo. Yatsun Haji Musa uku da ƙyar su kai biyu da rabi na Sarki. Da Baba bai yi magana ba, da an saƙa mini dila-dila na ragar da za a ƙone a gaban shagona, da ni da na yi alkawari, da gidaje arba'in da ɗaya ba abin shiga ruwa. Na tambayi Baba me ya hana shi magana jiya. Ya ce ba a gyara wa mutum ciniki a gaban baƙonsa, kuma yana so ya tabbata tukuna. Ya sa hannu a aljihu ya ciro wasu guntayen raga guda biyu, kowanne kamar tafin hannu biyu. Da igiyar ɗaure kwali ya saƙa su bayan sallar asuba, yana awo da yatsunsa.

"Na ɗauka hannu ya manta," ya ce. "Ashe yana nan."

Na kira Haji Musa, waya a kashe. Usama ya kira wajen aikinsa ya ce zai makara, muka tari tasi mu uku. Baba ya ce ba za a bar shi a gida ba. Hanyar da ba ta kai komai ba ta ci mana kusan awa, saboda an rufe wasu tituna na kusa da Harami. Muka sauka muka ƙarasa da ƙafa, rana tana dukan ƙeya, tsoho yana gaba muna binsa, don shekarun tura keke sun sanar da shi kowane lungu. A otal aka ce ayarinsu sun sauko da kaya. Motoci shida ne a jere, duka cike da mutane masu kama ɗaya a idona. Usama yana bi yana tambaya da Turancin otal, ba a gane wa yake nema ba, Musa ya yi yawa a cikinsu. Ni kuma na tsaya a tsakiya, kunya ta kau, na ɗaga guntun ragar sama na ɗaga murya na ce, "Gil net! Mesh! Mesh!" Mutane suka juyo. Daga tagar mota ta huɗu wani tabarau ya leƙo.

Ya sauko. Usama ya yi masa bayani, na ga murmushinsa ya ɗauke. Mutum ne mai lissafi, ya ce ya yarda yatsu sun bambanta, amma ta ina zai san yatsun wannan tsohon daidai suke da na wani sarki da ke wata ƙasa? Ba zai ɗaura inji a kan zato sau biyu ba. Gaskiyarsa ce. Na tsaya ina tunanin abin da yake nan kuma yake can, girmansa ɗaya. Sai na tuna katin shaidar ɗan ƙasa da ke aljihuna.

Na kira ƙanena Sale da ke tsare mini shago, ta wayar da ake ganin juna. A gida hantsi ne. Na ce ya ruga bakin kogi ya nemo Sarki, ya ce ya fito da katinsa. Muna tsaye direba yana danna ƙaho, Haji Musa yana ba shi haƙuri da yarensu. Can sai ga fuskar Sarki ta cika wayar, hancinsa kawai nake gani.

"Garba, kai ne a cikin abin nan? An ce kana Makka."

"Ina Makka, ranka ya daɗe. Taimako nake nema, ka ɗora yatsu uku a kan katinka ta gajeren gefe."

"Nuna mini masallacin tukuna."

Na juya wayar wajen hasumiyoyin da ke leƙowa ta bayan gine-gine. Ya ƙura ido. Na ji yana salati a hankali. Sannan ya share murya ya ce wa Sale ya riƙe katin da kyau. Ya ɗora yatsu. Suka rufe katin ruf, har gefen ɗaya ya zarce. Haji Musa ya ɗora nasa a kan katina, ga fili ya rage. Baba Idrisu ya ɗora nasa. Suka rufe shi, gefen ɗaya ya zarce, kamar an kwafa.

Sarki ya ce, "Wannan hannun na waye? Na ruwa ne."

Baba ya matso ya faɗi sunan mahaifinsa da garin da ya taso. Sarki ya ce ya ji sunan a bakin kakansa, an ce ya tafi gabas bai dawo ba. Tsofaffin nan biyu suka shiga gaisuwa irin ta gida, ta iyali da gajiya da ruwan bana, direba yana ƙaho, ba wanda ya kula shi.

Haji Musa ya auna yatsun Baba da tef, ya ja idon guntun ragar ya auna, ya soke lambar jiya ya rubuta sabuwa, muka sa hannu mu biyu a gefenta. Ya ɗauki guntu ɗaya ya sa a jakarsa, ya ce wannan sunansa sampul, kuma ya fi kowace magana. Kafin ya hau mota ya tambaya ta bakin Usama me ya sa muke son ido mai faɗi alhali kowa ƙarami yake nema. Na buɗe baki in yi dogon bayani, sai na ji kalma ta talatin da shida ta fito da kanta. Na ce, "Kach an rilis." Na nuna babba da hannu na kama, na nuna ƙarami na sake shi. Ya dafa ƙirjinsa ya ce su ma tekunsu tana bukatar haka. A tasi muna komawa na yi ta tunani, ashe abin da na yi wa dariya shi Sarki ya aiko ni nema. Bambancin kawai, mu ragar ce za ta yi sakin, ba sai mun ɗauki hoto ba.

Sauran kwanakin na ba ibada. Ranar tafiya Baba ya ba ni ɗaya guntun. Na tambaye shi me zan aiko masa, tunda kifi ba ya wucewa. Ya ce kowa yana ɗaukar zamzam daga nan ya kai gida, ba wanda ya taɓa tunanin kawo masa ruwan kogi. Ko cikin kwalbar turare ne, yana so ya shafa a fuska.

Kayan sun iso saura kwana tara a buɗe ruwa, bayan sun kwana uku a hanyar Legas saboda mota ta lalace. Na kwance dilan farko a gaban jama'a. Sarki ya tsuguna ya zura yatsu uku. Suka shiga, ba matsi ba sako-sako. Ya miƙe ya ce wa na kusa da shi a fara rabo.

Ga lissafin tafiya. Na yi asarar tarwaɗa goma da ragar mahaifina, ita kam ba ta da madadi. A kalmomi talatin da shida, goma sha ɗaya kawai na yi amfani da su, na dawo da ɗaya da ba ta cikin littafin, wato sampul. Gidaje talatin da takwas sun karɓi raga, uku suna jira su gani, kuma ban matsa musu ba. Ko kifi zai dawo, wannan sai nan da shekara biyu ko uku, amma Sale ya ce ya ga 'ya'yan karfasa suna wucewa ta cikin kalli kamar an buɗe musu ƙofa. Maganata ta tsaya. A ƙusar da ragar mahaifina take, yanzu guntun Baba Idrisu ne a rataye, na igiyar kwali, kuma duk wanda ya zo sayen raga sai ya fara zura yatsu a ciki. Kwalbar turaren na cika ta tun ranar buɗe ruwa, tana nan a kan kantar shagona. Wanda zai tafi umara a cikinku ya biyo ta shago ya kai wa Baba, kada kuma ya naɗe ta da kifi.